Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wuƙar Baba

Satin da ya wuce na tsaya ne a maganar aurena, amma ku yi min haƙuri, yau wuƙar Baba ce ta tsaya min a rai. Wani maƙeri a Shara Mansur da ke Makka ya ƙera masa ita da sifirin mota, baƙa ce wuluk, in ta kwana ba a shafa mata kitse ba da safe sai ka ga tsatsa ta hau ta. Baba Allah jiƙansa kullum maganarsa ɗaya, ƙarfen da baya tsatsa baya jin magana.

A 1997, shekarar gobarar Mina, na fara binsa yankan hadaya a mayankar Mu'aisim kusa da Mina, na je da sabuwar wuƙata ƙirar kamfanin Victorinox fara tas ina ta ƙwambo. Gaskiya wuƙa ce mai kyau, ruwa da jini basa yi mata komai, sai dai bakinta na saurin kwanciya, in na feɗe rago uku huɗu dole na goga ta a ƙarfen wasawa, shi kuwa Baba yana ta aikinsa, in tasa ta dakushe ya ɗiga ruwa a dutse ya ja ta kaɗan har ta koma aske gashin hannu. Daga baya ma na sayi ta Japan da tsada, kaifinta ya wuni bai motsa ba, amma ranar da ta daki ƙashi giɓi ta yi, na kusa awa ɗaya a kan dutse ina gumi. Ɗana da ya yi karatu ne yake ce min sai an zuba sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100 kafin ƙarfe ya daina tsatsa, nace kakanka bai san wannan ba amma hannunsa ya sani.

To ita wannan wuƙar ta Baba ɗan Kawu ya ara bayan rasuwar Baba, yace "Yaya kwana biyu kawai". Ya kai ta injin wasawa ba ruwa ba komai, bakin ya ɗau zafi har ya koma shuɗi, taurin da maƙeri ya ba ta ya tafi, yanzu ko na wasa bata minti goma take lanƙwashewa. Da na yi magana wai ai tsohon ƙarfe ne zai sayo min ta riyal 50. Wallahi wannan riyal hamsin ɗin ta fi ƙona min rai. Shekaranjiya mun haɗu wurin ɗaurin aure a Jidda, ya gaishe ni na amsa, har yau bai ce min yi haƙuri ba, wuƙar kuma tana nan cikin kubenta ina shafa mata kitse duk Juma'a.