Zafin fitsari bayan saduwa: ki duba kwalin kwaroron roba

Na sha fama da zafin fitsari bayan kwanciya da maigidana, har wata likita ta ce in karanta abin da ke jikin kwalin kwaroron robar da muke amfani da shi. Ashe an shafe shi da maganin kashe maniyyi, nonoxynol-9. Wannan sinadari yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kare gaban mace, sai ƙwayar cutar E. coli ta hanji ta samu sarari. Hanyar fitsarinmu kuwa gajera ce, kimanin santimita 4, nan da nan ƙwayar ta isa mafitsara.

'Yar'uwa, kada ki bar kwaroron, canza shi za ki yi zuwa marar wannan magani. Bushewa ma tana kawo gogayya da rauni, don haka nake sa man santsi na ruwa, marar ƙamshi. Vaseline kam a'a, tana lalata roba har ta fashe.

Ina yin fitsari da zarar mun gama, ina kuma yawaita shan ruwa. In zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya biyo baya, ki tafi asibiti a ranar, don cutar na iya hawa ƙoda.