Wasiƙa daga Atlanta: me ya sa baƙar fata ke komawa Kudu?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya. Tun da na taso daga Shikago na dawo Atlanta, babban birnin jihar Jojiya a kudancin Amurka, tambaya ɗaya kuke ta aiko mini: sanyi ne ya kore ka? Sanyin na ciki, amma akwai abin da ya fi shi. Zan kuma taɓo maganar haya da masallaci da wasunku suka tambaya.

Tsakanin 1910 da 1970, baƙar fatar Amurka wajen miliyan 6 suka bar jihohin Kudu saboda wariya da kisan gilla da hana su jefa ƙuri'a. Suka cika Shikago da Ditiroit da New York, suka samu aikin masana'anta, amma a kowace jiha suka zama 'yan tsiraru. Yanzu jikokinsu ke juyowa, wasu kuma a fili suke faɗa: in muka taru a 'yan jihohi irin Jojiya, inda kusan kashi ɗaya cikin uku mu ne, dole a saurare mu. Kowace jiha sanata biyu gare ta, babba ko ƙarama. Tun da aka zaɓi Maynard Jackson magajin gari a 1973, baƙar fata ke riƙe da Atlanta. A 2021 Raphael Warnock ya zama baƙin sanata na farko daga Jojiya. Kujerar gwamna ce har yau ta gagara, sau biyu Stacey Abrams, 'yar siyasa baƙar fata, tana nema.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takarda. Da yake ina da shaidar zama ɗan ƙasa, na je ofishin lasin tuƙi da ita, da takardar haya, da ta kuɗin wuta mai ɗauke da adireshina. Matar da ke kan tebur ta duba, ta ɗau hotona, nan take kuma aka sa ni cikin rajistar masu zaɓe. Ba ta tambayi garin kakana ba, ba ta ce in kawo sa hannun mai unguwa ba. Daga ranar ƙuri'ata ta zama ta Jojiya, daidai da ta wanda aka binne cibiyarsa a nan. Wannan ne ya sa ƙaurar baƙar fata zuwa Kudu take da tasiri. Ba wai an bar su sun sake ba: dokar zaɓen da Jojiya ta kafa a 2021 ta ƙara sharuɗɗa ga masu zaɓe ta gidan waya, har ta hana miƙa ruwa ga mai bin layi kusa da rumfar zaɓe.

Sai na tuna Bahaushen da aka haifa a Jos ko unguwar Sabo ta Ibadan, uba a nan, kaka a nan, amma ranar neman takardar shaidar asali a ce ya nufi Kano. Wannan zalunci ne, yana ci mini rai. Mu ma da namu sakacin. Mutum ya shekara 20 yana kasuwanci a Legas, ranar zaɓe ya hau mota ya tafi gida, alhali shugaban ƙaramar hukumar da ke karɓar harajinsa a Legas yake. INEC tana yarda a mayar da kati inda mutum yake zaune. Ku yi shawara da shugabannin zango tun kafin a rufe rajista.

Haya dai ta yi tsada ƙwarai. Masallaci kuwa akwai Al-Farooq a cikin gari, can nake Juma'a. A gaishe da iyaye da yara.