Abin da ƙaramin tallafi ya koya mini a kan Jakara

Kuɗin da ake bai wa masu binciken ruwa da sunan ƙaramin tallafi ba ya gina madatsa, ba ya kuma sayen injin tace ruwan masana'anta. Da irinsa muka yi aiki, ni da abokan karatuna da wasu malaman sakandare a nan Kano, kuma tun farko ya tilasta mana mu zaɓi tambaya guda mu riƙe ta. Tamu ita ce: ruwan da ya fita daga kwatar gidan mutum, ina yake zuwa, kuma wa zai yi amfani da shi a gaba?

Mutanen birni da yawa ba su taɓa bin sawun wannan ruwa ba. Jakara, wato kogin nan na cikin Kano, ta ratsa tsohon birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ta nufi arewa maso gabas, rafin Getsi ya same ta ɗauke da abin da ya kwaso daga masana'antun Bompai, sannan su zube a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Ta kudu kuwa, ruwan Sharaɗa da na rukunin masana'antun Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano a wajen Tamburawa, inda ake tace ruwan famfon da muke sha. Daga nan ne Kogin Haɗeja ya kama hanya zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 da na Challawa da ke Ƙaraye na 1992 sun sauya yadda ruwa ke isa can, kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a wannan yanki tana cikin abin da ya biyo baya. Abin da muke yi a Kano yana isa gonar mutumin da bai taɓa shigowa Kano ba.

Wannan ne muka so ɗalibai su gani da idonsu. Tun da aka rufe wani sashe na Jakara da siminti aka shimfiɗa titi a kai, yara da dama sun tashi ba su san kogi ne ke gudana a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Muka riƙa fita da su daga ƙofar makaranta, mu bi kwata har inda ta faɗa babbar magudana, kowa da littafinsa yana zana hanya, yana rubuta inda leda da robar ruwa suka toshe, da inda launin ruwa ya sauya. Wannan fita kusan ba ta ci kuɗi ba, amma ita ce ta fi zama a zukatan yaran.

Inda kuɗi yake tafiya shi ne ɗakin gwaji. Gano ƙarafa masu guba irin su dalma, ko kuromiyam da masana'antun jima ke amfani da shi, sai da na'ura mai tsada, kuma kowace kwalba da kuɗinta. Na koyi cewa gara a zaɓi wurare kaɗan a riƙa komawa gare su, da a warwatsu ko'ina a ɗebi ruwa sau ɗaya. Ruwan rani daban, na damina daban. Da rani babu ruwan sama da zai sirka ƙazanta, kuma a lokacin ne 'yan lambu suka fi dogaro da rafin. Ruwan farko na damina kuwa yana wanko duk abin da ya taru a magudanai watanni. Wanda ya auna ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya samu. Shi ya sa nake roƙon masu ba da tallafi su duba kalandar damina kafin su sa ranar sakin kuɗi, domin tallafin shekara guda da ya iso a makare yana iya rasa daminar gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamanmu da 'yan lambun bakin Getsi, masu noman latas da kabeji da alayyafo. Sun saba ganin baƙi da kwalabe, a ɗebi ruwa a tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa. Suna kuma tsoron kada sakamako ya zama dalilin korar su daga inda suke ciyar da iyali. Tsoronsu yana kan hanya. Ba su suka ɓata ruwan ba, su ne dai na farko da hannunsu ke shiga cikinsa kullum. Sai da muka bi ta wurin mai unguwa, muka gaida dattijonsu, muka ce, Baba, duk abin da muka gano kai za mu fara kawo wa, sannan aka saki jiki da mu. Su suka nuna mana lokutan da ruwan ke yin baƙi da wari, abin da babu na'urar da za ta gaya mana a zuwa ɗaya.

Mun cika alkawarin. Muka koma da sakamakon a Hausa, a takarda mai shafi ɗaya, muka zauna aka karanta, aka yi maganar wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a kai kasuwa, da sa takalmin roba lokacin ban ruwa, da wanda ya kamata a kai wa koke a hukumance. Yanzu duk kasafin da zan rubuta, kuɗin wannan komawa nake fara warewa kafin na buga rahoto. Kayan awon da suka rage kuwa, takardar gwajin tsamin ruwa da kwalabe da littafin rajista, mun bar su a hannun malaman makarantun, domin a ci gaba da rubuta abin da aka gani kowane wata bayan kuɗin ya ƙare.