Ba Kowane Ciwon Dubura Ne Basir Ba

Wani daren Juma'a ina aiki a sashen gaggawa a Jidda aka shigo da wani dattijo, mutumin Kano da ya daɗe a nan. Ya ƙi zama, ya jingina da bango yana gumi. Da ya ji Hausa a bakina sai ya rage murya: "Likita, basir ne ya taso min, yau kwana 5." Ya sha jiƙo, ya shafa mai, zazzaɓi sai gaba yake yi. Ga ciwon suga.

Na duba, babu kumburi a fili, amma ina taɓa gefen dama ya ƙanƙame ƙarfen gado. Na sallami ɗansa, na ja labule. "Baba, yi haƙuri, kwanta ta hagu ka naɗe gwiwa." Na janyo na'urar sikanin (ultrasound), na sa wa kanta safar hannu, na ɗora a gefen dubura a hankali.

A allon na'urar sai ga wani baƙin rami ƙarƙashin fata. Da na ɗan danna, abin da ke ciki ya motsa kamar kunu a kwano. Na kunna Doppler, mai nuna gudanar jini: jini na gudana a gefe, tsakiya babu. Mugunya ce. Da kumburin fata ne kawai, kitsen wurin zai fito a tsattsage kamar busasshen tafki, ba rami.

Ƙurjin nan yakan faro ne daga ƙananan ƙofofin cikin dubura idan suka toshe. Ƙwayar magani kaɗai ba ta warkar da shi, sai an tsaga mugunyar ta fita. Abin ya tsaya min a rai, don na taɓa sallamar wani da man basir saboda kunyarsa ta hana ni duba shi sosai, ya dawo bayan kwana 2 a galabaice.

Na'urar tana da iyaka. Ƙurjin da ya yi zurfi sama da tsokar ƙugu ba ta kai masa, sai manyan na'urorin hoto na CT ko MRI. In kuwa sikanin ya nuna iska a cikin nama, musamman ga mai suga, ruɓewar Fournier nake tsoro, wato ruɓewar naman matsematsi mai saurin yaɗuwa, tiyata babu jira.

A daren likitan tiyata ya tsaga wa Baba. Na gaya masa wasu sukan samu 'yar hanya mai yoyon mugunya daga baya, in ya ga danshi ya dawo. Da asuba na leƙa, na same shi zaune a bakin gado yana jan carbi.