Karen salwa daban, karen zomo daban

A nan Garwa, arewacin Kamaru, in ka ce karen farauta, abin da mutane suka sani shi ne wanda zai bi zomo da gudu har ya cafko shi. Toh salwa ba ta son wannan. Tsuntsuwa ce ƴar mitsitsiya, in ta ji motsi lafewa take cikin ciyawa, sai ka kusa taka ta sannan ta tashi fir, ƙasa-ƙasa, ta sake faɗawa can gaba. Wasunsu ma baƙi ne, daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi sanyi a wajenmu. Karen da ya saba tsere zai tashe su tun kana nesa, kai kuma kana tsaye da bindiga ko danƙo kamar mai gadin gona.

Shi ya sa ni a ganina horon gaba ɗaya na koya wa karen salwa haƙuri ne. Hanci dama Allah ya ba shi.

Tun yana kwikwiyo ake farawa, wata 3 ko 4, ya san sunansa, ya san fito ɗaya na nufin dawo. Sai ka ɗaura masa doguwar igiya, ka samu fiffiken salwa ka naɗe a tsumma ka ja shi a ƙasa ka ɓoye a gindin kara, ka sake shi ya nemo. Da ya kusa sai ka riƙe igiyar ka ce tsaya, zai yi ta fizga yana kuka yana waigenka kamar ka zalunce shi, kar ka kula, in ya natsu ka jefa masa ɗan kan busasshen kifi. Duka kam wallahi ɓata shi yake, karen da aka daka ba ya kawo maka abu hannu, gudu yake da shi bayan gida.

Inda aikin yake shi ne baki. Salwa ba ta da wani jiki, ya ɗan matsa haƙori shi ke nan ta dagargaje. Kuma mu akwai maganar halal, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana kan abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo maka, tare da ambaton sunan Allah, kaga kenan kai yake kama wa, ba cikinsa ba. Don haka ba na taɓa ba shi kai ko hanjin tsuntsu a daji, abincinsa sai gida a kwanonsa. Lokacin cin ma nakan buga murfin tukunya daga nesa, a hankali ina matsowa, saboda ranar da zai ji ƙarar bindiga kar ya fece.

Fita kuma da sassafe, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura, lokacin ƙasa na da ɗan sanyi ƙamshi na zama. Gefen gonakin muskuwari, wato dawar rani, da ciyawar bakin kogin Binuwai nan muke bi. Watan 3 da 4 kuwa zafi na haura digiri 40, ka bar dabba ta huta.

In an dawo ka duba tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya, ka duba kunne saboda kaska. Allurar haukan kare kuma a yi masa ita wajen likitan dabbobi tun kafin ya fara shiga daji, musamman gidan da yara ke wasa da shi.