Mayar da keken gwanjo zuwa giya ɗaya: daga ƙafar baya ake farawa

Keke mai giya ɗaya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Raleigh da Phoenix da Hero ɗin da ake dakon buhun shinkafa da jarkokin ruwa da su, tun daga Jega har Ƙauran Namoda, duk giya ɗaya gare su, kuma abin da ya sa suke jure wahala ke nan. Abin da ya fara yawa yanzu shi ne a ɗauki keken gwanjo mai giya 12 ko 21, wanda ƙura ta riga ta cinye masa abin canza giya, a kwance tarkacen, a bar shi da faranti ɗaya a gaba da siroket ɗaya a baya. Iri biyu ake haɗawa. Akwai mai firiwil, wanda kana iya hutar da ƙafa keke na ci gaba da gangarawa. Akwai kuma mai kafaffiyar giya, wanda siroket ɗinsa ke ɗaure da hob, wato cibiyar taya, kai tsaye: muddin taya na juyawa, feda na juyawa, gaba ko baya.

Kafin ka kashe ko sisi a kan fenti ko sabon sirdi, kifa keken ka dubi tsagar da aksil ɗin baya yake zama a ciki. Idan doguwa ce a kwance, yadda aksil zai iya matsawa gaba da baya kamar santimita 2, ka dace, domin da wannan matsawar ake ɗaure sarƙa. Tsofaffin kekunan ƙarfe galibi haka suke. Idan kuwa gajera ce tana kallon ƙasa, irin ta yawancin kekunan alminiyam, to babu wurin matsar da taya baya. Irin wannan firam zai yi mai firiwil, amma sai an sa masa ɗan abin da ke danne sarƙa, ko a bar tsohon abin canza giyar a kulle shi wuri ɗaya. Kafaffiyar giya kam a manta da ita a kansa, don ranar da aka danna feda baya, ƙarfin sarƙar zai lanƙwashe madannin nan take.

Sai lafiyar firam ɗin. Duba bayan wuyan keke, inda bututun sama da na ƙasa suka haɗu da shi. Fenti da ya tattare ko ya tsage a wurin alama ce ta an taɓa yin karo da shi ta gaba. Ɗaura zare a tsagar baya ta hagu, ka zagayo da shi ta wuya zuwa ta dama, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita 2 ba komai. Ya kai 5 ko 6, firam ya karkace, sarƙa ba za ta taɓa zama daidai ba sai an miƙe shi, kuma na ƙarfe kaɗai ake miƙewa. Ka kuma tabbata sandar sirdi tana fita, domin wadda tsatsa ta kama tana iya cin yini guda.

Boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da ke sa aksil ya juya sumul, ba ya son dogon bayani. A kwance, a wanke da kananzir, a duba kofunan ko sun yi ramuka, a cika giris, a zuba sababbi. A mafi yawan kekuna, hob ɗin baya na cin ƙwaya 9 masu 1/4 na inci a kowane gefe, na gaba ƙwaya 10 masu 3/16, tsakiyar feda kuma 11 masu 1/4 idan babu kejin da ke riƙe su. A firam mai awon Ingila, wanda shi ya fi yawa a kasuwanninmu, kofin tsakiya na dama tiredinsa a juye yake, haka ma fedar hagu. Masu gaggawa a nan suke cinye tiredi da sifana. Idan hannun fedar mai kota ne, wato ƙusar da ke riƙe shi a jikin shaf, kotocin biyu su kalli ɓangarori daban-daban, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Inda aikin yake da gaske shi ne layin sarƙa, wato faranti da siroket su kasance a saiti ɗaya daga tsakiyar keke. Ba da ido ake yi ba, da rula ake yi. A gaba, auna daga haƙoran faranti zuwa jikin bututun sirdi, ka ƙara rabin kaurin bututun. A firam ɗin ƙarfe kaurin yakan zama milimita 28.6, rabinsa 14.3. A baya, auna faɗin da ke tsakanin tsagogin biyu, wanda zai iya zama 120 ko 126 ko 130 ko 135, ka raba biyu, ka cire tazarar da ke tsakanin tsagar dama da haƙoran siroket. Misali, firam mai 126 rabinsa 63, in tazarar 21 ce layin baya ya zama 42. Lambar gaba da ta baya su zo ɗaya, ko su bambanta da milimita 1 zuwa 2. Fiye da haka sarƙa za ta riƙa ƙara, tana cin gefen haƙora, tana faɗuwa duk lokacin da aka miƙe tsaye aka danna da ƙarfi.

Matsalar ita ce, in ka kwance firiwil mai hawa 6 ka ɗaura mai hawa ɗaya, sai ya shige ciki sosai kusa da wayoyin ƙafa. Gyaran shi ne a kwashe wasu washoshi daga gefen dama na aksil a mayar da su hagu, hob ya matso dama. Amma da zarar an yi haka rim ya bar tsakiya, dole a sassauta wayoyin dama a ɗaure na hagu, rabin juyi rabin juyi, ana zagayawa, har rim ya koma tsakanin ƙafafun firam. Wanda bai saba da wannan ba ya kai wa mai gyaran keke da ya iya ɗaurin wili. Ladan aikin bai kai kuɗin sabon rim ba. Ta gaba kuma ana iya mayar da faranti cikin hannun feda maimakon waje, ko a sa gajeren shaf na tsakiya. Kusoshin faranti biyu za su yi wa faranti ɗaya tsawo, sai an yi musu ciko da washa ko an rage su da magagari.

Zaɓen giya lissafi ne mai sauƙi. Raba haƙoran faranti da na siroket, ka ninka da kewayen taya. Taya mai lamba 622 (lambar da ke rubuce a gefenta, wato girman rim a milimita) da faɗin milimita 32 kewayenta kimanin mita 2.15 ne. Da 44 a gaba da 18 a baya, kowane juyin feda zai kai ka mita 5.3, wato kusan kilomita 25 a awa idan kana juyi 80 a minti. Da 46 da 17, mita 5.8. Da 48 da 16, kusan mita 6.5, wanda samari ke so saboda gudu, amma ya gamu da rairayi ko iskar hunturu ta gaba sai gwiwa ta faɗa maka gaskiya. A kwaltar Birnin Kebbi ko Gusau, tsakanin mita 5.3 da 5.8 ya wadatar. Mai hawan tudun Zuru, ko mai bin hanyar fadama da kaya a kariya, ya sauko ƙasa da mita 5. Gara feda ta yi sauƙi kaɗan da ta yi nauyi.

Sarƙa iri biyu ce, mai faɗin 1/8 na inci irin ta manyan kekunanmu, da siririya mai 3/32 ta masu giya. Mai faɗin tana hawa haƙora sirara, siririyar ba ta hawa masu kauri. Kada ka ciro siroket ɗaya daga cikin tsohon jerin giya ka ce da shi za ka yi aiki: haƙoransa gajeru ne, an sassaƙe su musamman don sarƙa ta sauka da sauƙi, kai kuma akasin haka kake nema. Wajen yanke sarƙa, gaɓa ɗaya cikakkiya, wato ta ciki da ta waje tare, tana matsar da aksil kusan milimita 13, rabin gaɓa kusan 6, ƙarin haƙori ɗaya kuma kusan 3. Faranti ba ya taɓa zama da'ira cif, saboda haka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi tsauri, a nan za ka bar mata wasa sama da ƙasa kamar santimita 1. Ta yi tsauri ta ci boris, ta yi sako-sako ta faɗi. A ɗaure da notoci da sifana 15, kaɗan dama kaɗan hagu, ana lura da taya kada ta karkace.

Yanzu maganar kafaffiyar giya, wadda a kanta ake samun karaya. Hob ɗinta na gaskiya tiredi biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya. Na ciki mai faɗi, inci 1.37, na siroket ne, yana ɗauruwa ta dama. Na waje ya ɗan fi shi ƙanƙanta, inci 1.29, na zoben kulle ne, yana ɗauruwa ta hagu. Hikimar ita ce idan ka danna feda baya siroket ya nemi kwancewa, sai ya tura zoben ta inda yake ƙara ɗauruwa. Dabarar da ake yi ta kai wa mai walda firiwil ya liƙe cikinsa ba ta maye gurbin wannan. Firiwil ɗin ya daina gangara, gaskiya ne, amma har yanzu tiredi ɗaya ke riƙe shi a kan hob, kuma ranar da aka taka baya da ƙarfi a gangare zai warware gaba ɗaya, a rasa tuƙi a rasa tsayawa. Haka ma ɗaura zoben tsakiyar feda a bayan siroket, tunda su biyun ta gefe ɗaya suke kwancewa. In ba a samu hob mai tiredi biyu ba, a tsaya a firiwil, babu abin kunya a ciki. In an samu, a ƙirga ramukansa su zo ɗaya da na rim kafin a biya, domin akwai 32, akwai 36, tsofaffin na Ingila ma har 40 a baya. A shafa giris a tiredi, a ɗaure siroket tam, sannan zoben, a hau a danna da ƙarfi sau da yawa, a sauko a sake ɗaure zoben, don siroket ya ƙara shigewa.

Birki ba abin cirewa ba ne don ado. Mai firiwil yana bukatar biyu, gaba da baya, tunda ƙafa ba ta da iko da taya. Mai kafaffiya aƙalla na gaba, wanda shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Tsakanin babura da Keke Napep da awaki a bakin kasuwa, babu wanda zai ba ka filin jan taya, wato ka danne feda tayar baya ta tsaya tana gogar ƙasa. Masu son jan taya su sani 48 da 16 wuri ɗaya tak yake goge wa taya kullum, 46 da 17 kuwa yana raba gugar wuri 17. Idan ka canza wili mai lamba 630 zuwa 622, takalmin birki sai ya sauko milimita 4, ka tabbata yana da wurin saukowa. Wajen sayen taya ma lambar nan ta gefen taya za ka duba, 635 ko 630 ko 622 ko 590 ko 559, don "inci 28" da "inci 26" kowanne yana da ma'ana fiye da ɗaya.

A kan kafaffiya feda ba ta tsayawa a kwana, saboda haka hannun feda mai tsawon milimita 165 ko 170 ya fi, kada ya daki ƙasa. A sa maɗaurin ƙafa, a bar silifas a gida, a naɗe ƙafar wando ta dama. Doguwar riga in ta shiga tsakanin sarƙa da faranti, keken ba zai saki ba sai ya kayar da mai ita. Kada kuma a goge sarƙa da tsumma taya na juyawa, yatsa ake rasawa.

Ƙayar tsidau da ta aduwa sun fi son siririyar taya, don haka milimita 32 zuwa 38 ta fi dacewa da hanyoyinmu in firam zai ɗauka. Baƙin man da aka juye daga inji ba man sarƙa ba ne, ƙura yake tarawa ya zama kamar sanfefa. Ɗigo ɗaya na mai mai tsabta a kowace gaɓa, a bar shi ya shiga, a goge na waje sarai. Da hunturu a yi haka duk mako. Lokaci-lokaci a auna gaɓa 12 cikakku: sabuwar sarƙa milimita 305 ce, ta kai 306 da rabi a canza ta, ta kai 308 kuwa siroket ma ya tafi, sai a sayo su tare.