Kada koren ganye ya ruɗe ka a gonar shinkafa

Ɗan ƙanwata ya kama fili a wajen noman rani na Jibiya, ƙasan dam. Da na je dubo shi, na iske shi tsakiyar fangali, ruwa har ƙwauri, yana watsa takin yuriya da kwano. Dashen bai gama kama ƙasa ba, kuma ya cusa shi, gindi na gugar gindi, kowanne da tsiro biyar ko shida. Na ce, "Kai, buhu nawa za ka zuba?" Ya ce, "Kawu, duka zan juye a huta." Ruwan kuwa yana ta fita ta bakin fangali zuwa gonar maƙwabci.

Raina ya ɓaci, domin abin da ya jefa ni cikin bashi ke nan a shekarar da na fara noman shinkafa. Ni ɗan gero da dawa ne. A jigawar da na taso, ban taɓa ganin gonar da taki ya yi wa yawa ba, kullum ƙarancinsa muke kuka. To ranar da na samu buhunan yuriya a hannuna, me ake so in yi? Na juye su kusan lokaci ɗaya a kan dashen da na matse, ina lissafin yawan gindi shi ne yawan buhu. Gona ta yi kore shar, har tana baƙi-baƙi. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa ma sha Allah, ni kuma kaina yana ƙara girma. Wani dattijo da ke gefena ya ce mini wannan ganye ya yi yawa. Na ɗauka hassada ce. Har yau ina jin kunyar amsar da na ba shi.

Shinkafar ta yi tsawo, karanta ya yi laushi. Tana fitar da kai sai iska ta taso da dare, gari ya waye rabin gonar a kwance cikin ruwa. Wadda ta tsaya kuma tabo ya kama ganyenta, wuyan zangarniya ya yi baƙi. Ranar bugu, fanko ya fi ƙwaya. Wani lokaci nakan ce laifin irin ne, domin dogon iri na gida na dasa, ba gajere kamar Faro 44 ba, wanda ya fi jure taki bai kwanta ba. Da gaskiya a nan. Amma ba irin ne ya hana ni sauraron dattijo ba.

Sai daga baya wani malamin gona ya zaunar da ni. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, kuma ƙaramin dashe ba zai iya shanye shi gaba ɗaya ba. Wani ya bi ruwa, wani ya tashi sama da zafin rana. Wanda ya shiga jikin shuka fiye da kima kuma ganye yake yi da kara mai taushi, abin da tsutsa da cuta ke so. Cunkoso ya ƙara dagula lamarin: rana ba ta kai gindi, iska ba ta ratsawa, 'ya'yan da suka fito a makare su mutu ba zangarniya.

Ku sababbin manoman shinkafa, na so in rubuto muku abubuwa da yawa, amma na san ku. Kun fi yarda da bidiyon minti ɗaya a waya fiye da mutumin da ya yi asara da aljihunsa. To ku ja igiya wajen dashe, ku dasa a layi. Santimita 20 tsakanin layi, 20 tsakanin gindi, wato gindi 25 a kowace murabba'in mita, tsiro biyu ko uku, ɗan kimanin sati uku daga wurin reno. Takin kamfa, wato NPK, wajen dashe. Yuriya a raba ta biyu, rabi bayan sati biyu zuwa uku lokacin da take 'ya'ya, rabi idan ta kusa ɗaukar ciki. Kafin ka watsa, rage ruwan, toshe mafita, ka bar shi haka na 'yan kwanaki.

Kada kuma wani ya ce na ce a ji tsoron taki. Ni na ji tsoronsa bayan waccan shekara, na riƙa tsakurawa, shinkafata ta yi rawaya, ta ƙi 'ya'ya, na sake tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan ganye ya koɗe, ba ta abincinta. Ita ma igiyar ba aya ba ce: ƙasa mara ƙarfi, ko dashen da ya tsufa a wurin reno, ba ya 'ya'ya sosai, sai ka ɗan matso da shi. Wannan ido ke gane shi, ido kuwa sai an zauna a gona, ba a leƙo da yamma a kan babur ba.

Sannan idan ka ɗauki masu dashe, ka tsaya a kansu. Da yawan fangali ake biyansu, sauri suke yi, kana juya baya za su ajiye igiyar.